Ciwon Bayan Inna

Ni ce babba a ɗakin Inna. Mu huɗu ta haifa: ni, ƙannena maza biyu, sai auta, mace, wadda ta zo bayan kowa ya ɗauka Inna ta gama haihuwa. Ƙauyenmu yana kusa da Wad Haddad, a bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da take shayar da gonakin auduga da dawa. Ba mu da gonar kanmu. Baba yana noma hawashar wani mutum, wato gonarsa ta ban-ruwa, a raba amfani idan an girbe, Inna kuma tana fita tsinkar auduga da cirar ciyawa tare da matan unguwa.

Inna mace ce mai dariya a da. Ita take yi wa rabin 'yan matan unguwa kitso, kuma kisrarta, wato wainar dawa marar kauri, ta yi suna, don sai ka ɗaga ta ka ga hasken rana ta ciki. Idan ta yi mana magana da Hausa muka amsa da Larabci, sai ta kama kunnenta ta ce ba ta ji ba, a sake.

Ina makarantar sakandare auta ta rasu. Ba ta cika shekara huɗu ba. Lokacin tsinkar auduga ne, Inna ta tafi da ita gona kamar yadda ta saba, ta shimfiɗa mata zane a gindin wata bagaruwa, ta ba ta gyaɗa. Da ta dawo shan ruwa ba ta gan ta ba. Sai da la'asar aka tsamo ta a bakin ƙofar ruwa, inda tur'a take rabuwa biyu.

A zaman makoki Inna ba ta yi kuka ba. Ita ce ma take tashi ta zuba wa masu gaisuwa shayi. Tsofaffi suna nuna ta suna cewa ga mai imani, ga mai haƙuri. Ni kaina na ji daɗin wannan yabo, don ban san abin da nake kallo ba.

Da aka watse, gidan ya yi shiru, ita ma ta yi shiru. Ta daina kitso. Miya wata rana ba gishiri, wata rana gishirin sau biyu. Da safe sai in same ta zaune a bakin gado da tufafin jiya, idanunta jajur, in gane ba ta runtsa ba. Idan Baba ya tambaye ta abin da yake damunta, amsa ɗaya ce.

"Bayana ka ciwo."

A wurinmu mace tana iya cewa bayanta yana ciwo shekara da shekaru, a yi mata sannu. Amma idan arba'in ta wuce tana cewa zuciyarta, sai a fara tuna mata da ƙaddara, a ce tana jayayya da Mai bayarwa. Saboda haka ta riƙe bayan.

Akwai wata maƙwabciyarmu da muke kira Gwaggo, ko da yake ba jini tsakaninmu. Ɗanta ya dawo daga haƙar zinariya da wasu ƙwayoyi da ya ce can kowa yana sha, a yini cikin rami ba gajiya. Gwaggo ta kawo wa Inna, da kyakkyawar niyya, ta ce ta sha rabi ta gani.

Washegari ƙarar tsintsiya ce ta tashe ni. Inna ta share tsakar gida tas, ta wanke randuna, ta ɗora kaskon kisra, har tana 'yar waƙa. Baba ya tsaya a ƙofar ɗaki da buta a hannu yana kallonta, ya ce alhamdu lillahi. A gona kuwa ta koma tana cika buhu kafin sauran mata su yi rabi. Kowa ya ce ta warke.

Rabi ya koma guda, guda ya koma abin da ban sani ba. Da na ɗan Gwaggo suka ƙare, ta gano wani mutum da yake kasa sabulu da batura a ranar kasuwa, yana da su a ƙarƙashin tabarma. Wannan duk daga baya na sani. Abin da na gani a lokacin shi ne Inna ta rame, leɓɓanta kullum a bushe, tana yawan sosa hanci. Takan yi magana da sauri kamar ana korarta, sai kuma ta yi gyangyaɗi a tsakiyar zance, kisra tana ƙonewa a gabanta. Wata rana kuma ta tashi da hamma da zufa da majina, ƙafafunta ba sa zama wuri ɗaya, kowa ya yi nesa da ita. A irin wannan rana ce ta mari ƙanena don ya zubar da ruwa, ita da ba ta taɓa ɗaga wa ɗayanmu hannu ba. Manyan farantanta na aure suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Ta ce aro aka yi.

Sai ranar da ta faɗi a gona. Ta sandare tsakanin kunyoyin auduga, tana karkarwa, kumfa da jini suna fita bakinta don ta ciji harshe. Matan da suka ɗauko ta suka ce ba shakka iskan tur'a ne, wanda ya ɗauki ɗiya ya dawo neman uwa. Baba ya yarda, domin wannan bayani ne da mutum zai iya faɗa a masallaci ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Ya kai ta masid ɗin wani shehi, wato zawiyar da ake kai masu taɓin iska, a wani ƙauye kudu da mu. Ni aka cire daga makaranta in zauna da ita.

Ɗakin mata dogo ne, gadaje a jere, ƙanshin turare da warin fitsari sun haɗu. Safe da yamma ana kawo rubutun sha da wata 'yar takarda da ake ƙonawa a shaƙi hayaƙin. Ba a daki Inna ba, ba a kuma ɗaure ta ba, ko da yake akwai waɗanda na gani da sarƙa a ƙafa. Amma ba ƙwaya a wurin. Tun kwana na biyu jikinta ya rikice: amai, gudawa, sanyi a tsakiyar zafin rana, tana shure-shure tana cewa ƙasusuwanta ana sara su. Matan ɗakin suna yi mini barka, wai iskan ne yake fita.

Da azahar ɗin wata rana, kowa ya fita alwala, ta kamo wuyan hannuna da wani ƙarfin da ban san tana da shi ba.

"Ɗiyata, ba iska ba ne. Ki saurare ni. Ki tahi kasuwa, wurin mai sabulu, na kusa da masu gawayi. Ki ce ni na aiko ki. Ya sani."

"Ya san mene ne, Inna?"

Ta faɗa mini sunan ƙwayar. Na san sunan, don samarin tasha ake zagi da shi. Na tsaya ina kallonta, uwata, wadda ta koya mini Fatiha.

"Guda ɗai. Guda ɗai, in samu in yi kwana. Don Allah. Don nonon da kika sha."

Na ce ba zan je ba. Ta roƙe ni, ta yi kuka marar hawaye, sannan fuskarta ta canza ta ce Allah ya isa tsakaninta da ni. Na fita bayan ɗakin na tsuguna kusa da tulin toka, na toshe bakina da mayafi don kada a ji ni.

Shehin tsoho ne mai sanyin magana, kuma ina jin ya ga irin wannan da yawa. Ranar da Baba ya zo ɗaukar mu, shehin ya kira shi gefe, ina jin su. Ya ce addu'a an yi kuma za a ci gaba, amma wannan baiwar Allah tana bukatar likita, a kai ta birnin Madani wurin masu duba ƙwaƙwalwa. Baba ya yi godiya. A hanya ya ce mini matarsa ba mahaukaciya ba ce, kuma yana da 'ya mace da za a nema wata rana.

Ta dawo gida jikinta ya rabu da ƙwaya, amma abin da ya kai ta ga ƙwayar yana nan yana jiranta, ya ma ƙara nauyi. Takan yini kwance ta juya wa ƙofa baya. Kafin a yanke dawa ta koma wa ƙwayar. A wannan karo na gaya wa Baba gaskiya, na faɗi sunan abin. 

"Kada ki sake faɗin wagga magana ga kowa," ya ce.

Ya shiga ɗakinta ya birkita komai, ya sami ƙwayoyin cikin ɗinkin matashi, ya watsa a murhu a gabanta. Ba su yi faɗa ba. Ita ta zauna tana kallon wutar, shi ya ɗauki fartanya ya fita.

Bayan 'yan kwanaki, da tsakar rana lokacin da ba kowa a waje, na neme ta na rasa. Na same ta a tur'a, tsaye cikin ruwa har gwiwa, da tob ɗinta, wato lafaya, a jiki, tana kallon inda ruwan yake da zurfi. Na shiga na riƙe ta. Ba ta yi gardama ba, ta biyo ni kamar ƙaramar yarinya. A ranar na ari waya na kira Kawu.

Kawu ƙanen Inna ne, direban hafla, irin ƙananan motocin haya da suke jigila tsakanin Rusairis da Damazin. Ya ajiye aiki ya zo. Na ji muryarsa ta ɗaga a zaure, yana ce wa Baba, "Kunya kake tsoro, ko gawa ta biyu daga ruwa guda?" Washegari mu uku muka shiga mota zuwa Madani. Baba bai zo ba, amma shi ya ɗauko wa Inna takalmanta.

Likitar mace ce, Balarabiya, mai furfura a gaban goshi. Inna tana jin Larabci kamar kowa, da shi take ciniki, amma a ranar ta ƙi furta ko kalma ɗaya da shi. Sai ni na zama mai fassara. Na ɗauka za a fara da faɗa a kan ƙwaya. Likitar ta tambayi yawan da take sha, ta rubuta ba tare da ta ɗaga gira ba, sannan ta ajiye alƙalami.

"Kafin ki fara sha, yaushe rabonki da barci?"

Inna ta ce tun ranar.

"Wace rana? Ba ni labarin yarinyar."

Tun da aka yi rasuwar ba wanda ya taɓa ce mata haka. Ta dubi bango ta fara. Ta ce yarinyar tana son gyaɗa amma ba ta iya ɓarewa, da haƙori take fasawa. Ta ce ranar buhunta ya kusa cika, ta ji wata 'yar ƙara daga wajen ruwa, ta ce a ranta tsuntsu ne, bari ta ƙarasa wannan kunya. Ta ƙarasa kunyar. Ta ce idan ta sha ƙwaya tana ganin yarinyar a gindin bagaruwa tana wasa, idan ba ta sha ba tana ganinta yadda aka tsamo ta, da ciyawar ruwa a gashi.

Ni kuma dole in maimaita kowace jimla da Larabci, da bakina, ina cewa na ji ƙara, na ce tsuntsu ne, na ƙarasa kunyar. Ban san wannan ba sai a ɗakin. Ba wanda ya sani.

Likitar ta yi mana bayani a hankali. Ta ce ciwo biyu ne suka sarƙe. Na farko baƙin cikin da ya wuce makoki ya zama cuta, irin wadda take hana barci da ci, ta sa mutum ya ga mutuwa ta fi masa. Na biyu ƙwayar, wadda ta fara a matsayin mafaka, sannan jiki ya saba har ba ya aiki sai da ita. Ta ce idan aka cire ƙwaya aka bar ciwon farko, shi zai mayar da ita, kamar yadda muka gani. Faɗuwar da ta yi a gona ma aikin ƙwayar ne idan ta yi yawa. Sannan ta dubi Inna ta ce in gaya mata wannan ba ƙarancin imani ba ne. Da na faɗa, Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Aka tsara yadda za ta rage a hankali, aka ba ta wani magani na kullum wanda likitar ta ce ba ya sa maye kuma ba ya aiki da wuri, sai an yi haƙuri. Duk wata muna komawa, su zauna su yi magana. Ba a miƙe abin ya tafi ba. Ta zame sau ɗaya, ta faɗa da bakinta, likitar ta ce to, mu ci gaba daga nan. Daga baya Baba ya fara raka mu, yana zama a waje a kan benci. Har ya zama shi ne idan ya dawo sallar asuba yake ɓallo maganin ya miƙa mata da ruwa, ba tare da ya dubi fuskarta ba.

Wata safiya tana tankaɗen gari sai kawai ta fashe da kuka, irin kukan da ake ji har gida na uku. Maƙwabta suka shigo a guje suna tambayar wa ya rasu. Ta yi ta yi har rana ta ɗaga, sannan ta wanke fuska ta ƙarasa tankaɗenta. Bayan wannan ta fara cin abinci. Ta yi mini kitso, layukan sun fita. Na koma makaranta. Mun yi fiye da shekara a haka, kuma ita ce shekarar da nake komawa a raina idan na rasa inda zan sa kaina.

Sai yaƙi ya iso yankinmu na Jazira. Madani ta watse, hanya ta rufe, masu bindiga suka fara shiga ƙauyuka. Baba ya ɗora mu a bayan wata babbar mota da abin da hannu zai iya ɗauka, ya ce shi zai tsaya ya tsare gida da dawar da ke rumbu, ba za a daɗe ba. Muka zauna a Abu Hujar cikin ajin wata makaranta tare da iyalai da yawa, da abin ya matso can ma muka ƙara gaba zuwa Rusairis, gidan Kawu.

Maganin Inna ya fara ƙarewa tun a hanya. Muka riƙa raba ƙwaya biyu, sannan huɗu, har ya zama gari a tafin hannu. Na zaga duk shagunan magani na Rusairis da Damazin, kantocinsu wayam. Lambar likitar ba ta sake shiga ba, har yau ban san ko tana raye ba. Amma ɗaya ƙwayar, wadda ta rusa mu, ko yaƙi bai tare mata hanya ba. Tana tasha, tana kasuwa, tana aljihun yaran da ke wanke motoci.

Muna cikin haka wani mutumin ƙauyenmu ya iso da labarin Baba. Ba harsashi ba ne, amai da gudawa ne, kuma ba asibitin da za a kai shi. Maƙwabta uku da suka rage su suka binne shi. Inna ta ce inna lillahi, ta shiga takaba, ba ta zubar da hawaye ba. Matar Kawu ta fara yabon haƙurinta, na ce mata don Allah ta bari.

Na gwada yin abin da na ga likitar tana yi. Na zauna a gabanta na ce ta ba ni labarin Baba, yadda suka haɗu, komai. Ta girgiza kai.

"Ke ba likita ba ce, ɗiyata ce. Abin da na ɗora miki a ɗakin can ya isa."

Da ta fita takaba, bakuna sun yi wa Kawu yawa, man mota ya yi wuya, dole kowa ya nemi abin yi. Ni na samu koyar da yaran 'yan gudun hijira a ƙarƙashin wata rumfa. Ƙannena suka shiga kamun kifi a tafkin madatsar ruwa. Inna ta ɗauki murhu da kofuna ta fara sayar da shayi a tasha. Na san abin da ke tasha, ita ma ta san na sani, amma ba wani wurin da ake sayen shayi. Ba a yi wata biyu ba ta dawo gida wata yamma tana zuba zance da dariya, tana tsokanar yaran Kawu. Matar Kawu ta ce to madalla, Yaya ta sake. Ni na tashi na shiga bayan gida na daɗe.

Yanzu ba na bincika kayanta, ba na ƙona komai, na ga inda wannan yake kaiwa. Abin da nake yi shi ne in tabbatar ta ci abinci, in hana ta zuwa bakin kogi ita kaɗai, in koya wa ƙannena yadda za su kwantar da ita a gefe ɗaya idan ta faɗi. Ta faɗi sau biyu tun zuwanmu. Akwai ranakun da take ƙoƙari da kanta, ta rage, ta yi zufa da hamma, ta ce mini daga gobe. Ina amsa mata da to, don na san a lokacin da take faɗa da gaske take.

Kwanakin baya na ji an ce wani likitan ƙwaƙwalwa yana zuwa wani asibiti a Damazin wasu ranaku. Na yi ta lallashinta har ta yarda. Muka yi sammako muka ƙetare gada. Layin ya fito har waje: mata da suka daina magana, samari masu firgita idan ƙofa ta buga, wani tsoho da yake ta kiran sunayen 'ya'yansa. Sai bayan azahar muka shiga. Likitan matashi ne, idanunsa sun faɗa don gajiya. Ya saurare ni, ya yi wa Inna tambaya biyu ko uku cikin ladabi, ya rubuta mana maganin nan nata na da. Na gane sunan a takarda. Muka je tagar bayar da magani, mutumin ya duba ya ce ya ƙare tun watan jiya, mu riƙa leƙowa.

Muka kamo hanyar dawowa. Da motar ta iso kasuwar Rusairis, Inna ta taɓa kafaɗar yaron mota ta ce akwai sauka.

"Ba albasa a gida," ta ce mini. "Jira ni nan."

Na tsaya a inuwar wani shago ina kallon bayanta. Ta wuce masu albasa ba ta ko waiwaya ba, ta shiga wani lungu bayan masu gyaran waya. Na yi tunanin in bi ta. Na tambayi kaina, idan na kamo ta, me zan ba ta a madadin ƙwayar yau da gobe da jibi, sai na tsaya inda nake.

Da ta fito, ta biya ta wurin masu albasar ta sayi 'yan ƙanana guda kaɗan a leda, don kada ta dawo mini hannu wofi. Ta iso ba ta dube ni ba. Na karɓi ledar daga hannunta, muka kama hanyar gida a ƙasa, tana gaba ina biye.